Kwana Shida, Shekara Dubu Shida: Yadda Kiristoci Suka Yi Ta Karanta Littafin Farawa

A jihar Kentucky ta Amurka, a gefen wani ƙaramin gari da ake kira Williamstown, akwai wani makeken jirgin ruwa na katako girke a kan tudu, ko sau ɗaya bai taɓa hawa ruwa ba. Tsawonsa ƙafa 510, wato kimanin mita 155. An buɗe shi ga jama'a a 2016, kuma waɗanda suka gina shi sun ce bisa ma'aunin jirgin Annabi Nuhu da ke cikin Littafin Farawa suka auna shi. Wanda ya sayi tikiti ya shiga zai tarar da keji-keji jere da mutum-mutumin dabbobi, har da 'ya'yan dabbobin nan na dā da ake kira dinoso. Saƙon da ake so ya fita da shi guda uku ne: Allah ya halicci komai cikin kwana shida masu awa 24, shekarun duniya ba su wuce dubu shida da ɗoriya ba, duwatsun da ke jibge bisa juna da burbushin halittun da ke cikinsu kuma ruwan Ɗufana ne ya shimfiɗa su cikin shekara guda.

Da yawanmu in muka ci karo da bidiyon irin wannan wuri a waya, abin da ke fara zuwa mana shi ne: ai wannan shi ne imanin Kirista tun fil azal, kimiyya ce ta zo daga baya ta tayar da ƙura. Da muka bi sawun maganar sai muka tarar akwai tsohon zare a cikinta, akwai kuma sabo fil. Littafin da ya ɗora wannan fahimta a kan ƙafafunta ya fito ne a 1961, shekara guda bayan Najeriya da Nijar sun sami 'yancin kai.

Matsalar tana cikin nassin kansa, kuma ba a jira Darwin ba kafin a gan ta. Sura ta farko ta Littafin Farawa tana lissafa ayyukan halitta kwana-kwana, kowane kwana da maraicensa da safiyarsa. Sai dai a kwana na huɗu aka halicci rana da wata da taurari. To kwana ukun farko fa, da me aka auna su? Origen, malamin Iskandariya ta Masar wanda ya rasu a tsakiyar ƙarni na uku, ya yi wannan tambaya ƙiri-ƙiri, ya kammala da cewa akwai wuraren da nassi ke ba da labari cikin siffa domin ya isar da wata ma'ana ta ɓoye. Mazhabar Iskandariya ta shahara da irin wannan tawili, wanda ta gada daga Filo, malamin Yahudawa na garin. Malaman Antakiya ba su yarda ba. A ganinsu in aka buɗe ƙofar tawili haka kowa zai shigo da abin da ransa ke so ya ce nassi ne ya faɗa. Basil, bishop na Kaisariya, ya yi jerin wa'azi a kan kwanaki shidan a ƙarni na huɗu, inda ya nuna cewa shi kam in nassi ya ce ruwa, ruwa yake fahimta, in ya ce ciyawa, ciyawa. Wannan saɓani tsakanin zahiri da tawili ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa zama a zauren tafsiri.

Wanda ya fi kowa daɗewa a kan wannan sura shi ne Agustin, ɗan Afirka ta Arewa, haifaffen garin da yau ake kira Souk Ahras a Aljeriya, bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu. Ya shafe sama da shekara goma yana rubuta wani sharhi mai juzu'i 12 wanda sunansa ma ke nufin ma'anar Farawa ta zahiri. Amma abin da ya kira zahiri zai ba maginan jirgin Kentucky mamaki. Agustin ya tafi a kan cewa Allah ya halicci komai a lokaci guda, ƙiftawa da bisimilla, ya dasa wa halitta wasu ƙwayoyin iri da za su riƙa bayyana a hankali, kwanaki shidan kuwa tsari ne na bayani ga mai ƙaramar fahimta. Ya kuma ja kunnen 'yan'uwansa da wani gargaɗi da har yau ake maimaitawa. Ma'anarsa ita ce, sau da yawa wanda ba Kirista ba yana da sani na haƙiƙa game da ƙasa da sama da tafiyar taurari, to in ya ji Kirista yana shirme a kan waɗannan abubuwa yana jingina shirmen ga Littafi Mai Tsarki, yaya zai gaskata littafin in an zo maganar tashin matattu?

Kada mu mai da Agustin ɗan zamani, domin ba shi ba ne. A wani littafin nasa ya tsaya kai da fata cewa tarihin ɗan Adam bai kai shekara 6,000 ba, ya yi watsi da dogayen lissafin Misirawa. Haka kusan kowa ya ɗauka a lokacin, tunda babu wata hujja a ƙasa da ke nuna akasi. Ƙuruciyar duniya abu ne da aka gada ba tare da an yi faɗa a kansa ba. Babu majalisar coci da ta sa shi cikin shikashikan imani.

Tsawon ƙarnonin da suka biyo baya malaman Turai sun koyar da cewa aya ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana huɗu: ta labarin da ya faru, ta ishara ga Almasihu da coci, ta gyaran hali, da ta al'amuran lahira. Juyin da Martin Luther ya tayar daga 1517 shi ya girgiza wannan gini. Tunda 'yan Furotesta sun ce nassi kaɗai ne hujja, ba Fafaroma ba, ba al'adar coci ba, dole nassin ya zama a sarari yadda manomi zai karanta ya gane. Injin ɗab'i ya riga ya sa littafin ya fara shiga gidaje, ga kuma fassarori cikin harsunan jama'a. A darussan da ya bayar kan Farawa a ƙarshen rayuwarsa Luther ya saɓa wa Agustin, ya ce kwana shida kwana shida ne. John Calvin ma ya yarda da kwanakin, amma ya bar wata taga a buɗe. Ya lura cewa masana taurari sun tabbatar tauraron Zuhal ya fi wata girma, alhali nassi ya ambaci wata a matsayin ɗaya daga manyan fitilu biyu. Amsarsa ita ce Musa ya yi magana ne da harshen da talaka ke ganewa, gwargwadon abin da ido ke gani, wanda ke son ilimin taurari ya nema a wani wuri. Da wannan tagar Galileo ya yi ƙoƙarin fita, yana kafa hujja da Agustin, kafin kotun cocin Rum ta hukunta shi a 1633.

Daga nan sai mu iso ga mutumin da aka fi yi wa dariya a wannan tarihi, kuma a ganinmu an zalunce shi. James Ussher, babban bishop na Armagh a ƙasar Ailan, ya fitar da lissafinsa a 1650: an fara halitta da shigar daren da ya wayi Lahadi 23 ga Oktoba, shekara ta 4004 kafin Miladiyya. Yau mutum ya ji wannan sai ya ƙyalƙyale. Amma Ussher gwani ne a zamaninsa. Ya tara shekarun kakanni da ke surori na 5 da na 11 na Farawa, ya bi mulkin sarakunan Isra'ila da Yahuza, inda zaren nassi ya tsinke kuma ya ƙulla shi da tarihin Babila da Farisa da Girka da Rum. Shekaru huɗun da ke kan dubu huɗun ma suna da dalili: an riga an gano cewa Sarki Hirudus ya mutu shekara huɗu kafin farkon kalandar Miladiyya, don haka haihuwar Almasihu ta rigayi kalandar da aka ƙirga da sunansa. Kepler da Newton duk sun yi irin wannan lissafi, sun sauka kusa da shi. Kalandar Yahudawa tana farawa daga 3761, ta Rumawan Gabas kuma, da yake da fassarar Girkanci ta Tsohon Alkawari suka yi aiki, ta kai 5509.

Abin da ya raba Ussher da saura shi ne aikin maɗaba'a. Daga 1701 aka fara buga shekarunsa a gefen shafukan Littafi Mai Tsarki na Ingilishi, fassarar Sarki James. Yaro ya buɗe shafin farko ya ga 4004 a sama, da tawada ɗaya da ayoyin. Wa zai gaya masa cewa wannan lissafin wani bishop ne, ba wahayi ba?

Waɗanda suka fara tono shekarun duniya daga ƙasa yawancinsu masu zuwa coci ne, wasu ma limamai ne. Haƙar kwal da yanka magudanan ruwa a Ingila sun tone cikin ƙasa yadda ba a taɓa gani ba. William Smith, ma'aunin filaye, ya lura cewa kowane falle na dutse yana da irin burbushin halittunsa, kuma jerin ba ya sauyawa daga gunduma zuwa gunduma. Ya fitar da taswirarsa a 1815. Kafin shi James Hutton na Sikotilan ya nuna wuraren da tsofaffin fallaye suka miƙe tsaye, suka zaizaye, sannan sababbi suka kwanta a kansu, aikin da ba ya yiwuwa cikin shekara guda. William Buckland, limami kuma malami a Oxford, ya rubuta littafi a 1823 yana cewa ya ga sawun Ɗufana a tsakuwa da kogunan Ingila, daga baya ya janye. Abokinsa Adam Sedgwick na Cambridge, shi ma limami, ya miƙe gaban ƙungiyar masana duwatsu ta Landan a 1831 ya bayyana cewa ya yi kuskure a kan wannan batu. Ba ƙaramin abu ba ne babban malami ya yi haka a bainar jama'a, kuma bai ajiye rigar limancinsa ba.

Masu riƙo da nassi sun sami mafita biyu. Ta farko, wadda Thomas Chalmers na Sikotilan ya yaɗa, ta ce akwai giɓi tsakanin aya ta ɗaya da ta biyu na Farawa: Allah ya halicci sama da ƙasa tun can dā, zamunna suka shuɗe, kwanaki shidan kuwa na sake gyara ne. Ta biyu ta tsaya a kan kalmar Ibrananci yom, 'yar'uwar yaum ta Larabci, ta ce tana iya nufin zamani mai tsawo. Hugh Miller, magini mai sassaƙa dutse da ya zama marubuci, shi ya fi kowa kare wannan. Kafin littafin Darwin ya fito a 1859, yawancin malaman Furotesta masu ilimi sun riga sun saki shekara dubu shida.

Darwin ya taɓa wani wuri daban, wato asalin ɗan Adam da matsayinsa. Duk da haka muna ganin abin da ya fi tsorata masu wa'azi na wancan ƙarni daga jami'o'in Jamus ya fito. Can ne malamai irin su Julius Wellhausen suka riƙa feɗe littattafan Musa biyar kamar kowane tsohon rubutu, suna cewa an harhaɗa su ne daga majiyoyi daban-daban ɗaruruwan shekaru bayan Musa. A 1872 kuma George Smith ya karanto labarin wata ambaliya da jirgi da tsuntsaye daga wani allon yumɓu na Assuriya a gidan tarihi na Landan. Martanin makarantar tauhidi ta Princeton shi ne aƙidar cewa nassi, a rubutunsa na asali, ba ya kuskure ko a kan tarihi. Charles Hodge ya kwatanta aikin malamin tauhidi da na masanin kimiyya: wannan yana tattara hujjoji daga halitta, wancan yana tattarawa daga Littafi. A nan muke ganin wani sauyi da ba a cika lura da shi ba. An fara auna gaskiyar nassi da mudun ɗakin gwaje-gwaje, an mai da aya tamkar rahoto. Origen da Basil, duk da saɓaninsu, ba su san wannan mudu ba.

Amma ko su mutanen Princeton ba su ce duniya yarinya ce ba. Hodge ya kira ra'ayin Darwin kafirci a 1874, ya kuma yarda da tsufan ƙasa. William Henry Green ya nuna a 1890 cewa jerin kakanni a nassi yakan tsallake sunaye, saboda haka ba a lissafin shekaru da shi. B. B. Warfield, babban mai kare rashin kuskuren nassi, bai rufe ƙofa ga juyin halitta ba muddin da ikon Allah yake tafiya. Tsakanin 1910 da 1915 wasu attajiran mai biyu, Lyman Stewart da ɗan'uwansa Milton, suka ɗauki nauyin buga maƙalu 90 a juzu'i 12 masu suna The Fundamentals, aka raba kusan kwafi miliyan uku kyauta. Daga sunan ne aka samo laƙabin masu tsattsauran ra'ayin Furotesta. A cikin marubutan akwai James Orr da George Frederick Wright, dukansu masu yarda da tsohuwar duniya. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield na 1909, wanda ya shiga gidajen irin waɗannan mutane fiye da kowane, ra'ayin giɓi ya koyar.

Shari'ar Scopes ta Yulin 1925 a garin Dayton na jihar Tennessee ta fito da wannan fili. An gurfanar da wani matashin malami, John Scopes, kan karya dokar da ta hana koyar da cewa mutum ya samo asali daga dabba. William Jennings Bryan, wanda ya yi takarar shugabancin Amurka sau uku, ya tsaya wa masu ƙara. Damuwarsa ta fi karkata ga ɗabi'a: ya yi imani cewa koyarwar mai ƙarfi ya danne marar ƙarfi ce ta ingiza Jamus cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma littafin da ake karantarwa a makarantar yana ɗauke da darasin fifikon launin fata da na tace zuriya. A nan kam ba za mu ce tsoronsa na banza ba ne. Da lauya Clarence Darrow ya sa shi a kujerar shaida, ya tambaye shi ko kwanakin halitta masu awa 24 ne, Bryan ya ce ba ya jin haka, suna iya zama dogayen zamunna. An ci Scopes tarar dala 100. Bayan kwana biyar Bryan ya rasu a garin.

To daga ina kwana shida masu awa 24 suka dawo? Daga wata ƙaramar ɗariƙa da sauran Furotesta ke yi wa kallon gefe. Mabiya cocin Adventist suna ibada ran Asabar, hujjarsu kuwa ita ce Allah ya huta a kwana na bakwai na mako na haƙiƙa. In kwanakin suka zama zamunna, Asabar ɗin ta rasa gindi. Jagorarsu Ellen White ta rubuta a 1864 cewa an nuna mata makon halitta cikin wahayi, mako ne kamar kowane, kuma Ɗufana ce ta binne halittun da ake tonowa. Wani almajirinta ɗan Kanada, George McCready Price, wanda bai yi karatun ilimin duwatsu a jami'a ba, ya ba da rayuwarsa ga mai da wannan ya zama kimiyya. A babban littafinsa na 1923 ya ce jerin fallayen dutse da masana ke taƙama da shi ruɗi ne, ambaliya ɗaya ce ta yi aikin duka. An ambaci sunansa a shari'ar Scopes, Darrow ya yi masa ba'a, mabiyansa kuma ba su taka kara sun karya ba har tsawon shekara talatin.

A 1954 Bernard Ramm, malamin Baptis, ya fitar da littafi yana kira ga masu bishara su rabu da ra'ayin Price, su karɓi tsohuwar duniya da ambaliyar da ta tsaya a yanki guda. Wannan ya fusata wani matashin malamin Tsohon Alkawari, John Whitcomb. Ya nemi abokin aiki mai takardar kimiyya, ya samu Henry Morris, injiniyan ruwa kuma shugaban sashe a wata babbar kwalejin fasaha ta jihar Virginia. Littafinsu, The Genesis Flood, ya fito a 1961. Gindin hujjarsa na Price ne, sai dai an kankare masa alamun Adventist, an sa masa lissafi da bayanan ƙasan shafi. Shekara biyar kafin nan Clair Patterson ya riga ya auna shekarun duniya da dalma da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, ya samu biliyan 4.55.

Me ya sa littafin ya karɓu duk da haka? Lokaci ya taimaka. Bayan Tarayyar Sobiyat ta harba Sputnik a 1957, gwamnatin Amurka ta zuba kuɗi a koyar da kimiyya, sababbin littattafan makaranta suka dawo da juyin halitta gaba-gaɗi bayan an daɗe ana kewaye shi. Iyaye suka ga abin a jakar 'ya'yansu. Amma akwai dalili na aƙida da ya kamata mu ba shi haƙƙinsa, domin shi ne ke riƙe da mutane har yau. A wasiƙarsa ga Romawa, Bulus ya danganta shigowar mutuwa duniya da zunubin Adamu, ya danganta ceto da Almasihu. In burbushin halittu sun nuna miliyoyin shekaru na ciwo da farauta da mutuwa kafin Adamu, to mutuwa ba sakamakon zunubi ba ce ke nan, me gicciye ya zo ya warware? Ga mai wannan tunani ra'ayin giɓi da na zamunna duk sun bar ɓaraka. Wasu malaman sun amsa cewa Bulus mutuwar ɗan Adam yake nufi, ko mutuwar ruhu. Amsar Morris ta fi sauƙin faɗa a kan mumbari.

Sauran labarin na kotuna ne da ƙungiyoyi. An kafa ƙungiyar binciken halitta a 1963, Morris ya kafa cibiyarsa a California a farkon shekarun 1970. Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin hana koyar da juyin halitta a 1968, ta kuma soke dokar Louisiana mai tilasta koyar da ra'ayoyin biyu kafaɗa da kafaɗa a 1987. Cocin Katolika ta bi wata hanya: Fafaroma Pius na 12 ya halatta bincike kan juyin jikin ɗan Adam a 1950 bisa sharaɗin cewa rai daga Allah yake kai tsaye, kuma wanda ya fara kawo ra'ayin faɗaɗar sararin samaniya daga mafari guda, Georges Lemaître, fada ne ɗan Beljiyam. Duk da haka binciken Gallup ya samu kashi 44 cikin ɗari na Amurkawa a 1982, da kashi 40 a 2019, suna cewa Allah ya halicci mutum a siffarsa ta yanzu cikin shekara dubu goma da suka wuce. Littattafan cibiyar Morris sun ƙetare teku, sun isa Koriya ta Kudu da Ostireliya, har aka fassara wasu a Turkiyya a shekarun 1980. Ken Ham, wanda ƙungiyarsa ta gina jirgin Kentucky, tsohon malamin kimiyya ne a makarantar sakandare a Ostireliya.

Maginan jirgin sun gamu da tambayar da duk yaro ke yi: ta yaya miliyoyin nau'o'in dabbobi suka shiga jirgi ɗaya? Amsarsu ita ce Nuhu bai ɗauki kowane nau'i ba, ya ɗauki tushen kowane dangi ne, kusan iri 1,400, dabbobi ƙasa da 7,000. Daga kyanwa iri guda zaki da damisa da muzurun gida suka fito, daga kare iri guda dila da kerkeci suka fito, duka cikin kimanin shekara 4,300 da saukar jirgin. Wannan sauyi ne mai gudun da Darwin bai taɓa tunanin ya yiwu ba, kuma babu ayar da ta ambace shi. A ɗaya daga cikin kejin sun ajiye kakan raƙumin dawa, sun sassaƙa shi da gajeren wuya.